Me Za Mu Kai wa Amarya Ranar Ƙawaye?

Kaka ta yi, an shigar da hatsi, lokacin bukukuwan aure ya zo ke nan. Daga yanzu har bayan Kirsimeti da ƙyar Asabar za ta wuce ba a ɗaura aure a unguwa ba. Iyaye suna ta lissafin gado da katifa, ango yana fama da lefe, 'yan matanmu kuma suna da tasu damuwa wadda ba a cika kula da ita ba. Kowace tana tambayar 'yar'uwarta, “Ke me za ki kai mata ranar ƙawaye?”

A kan wannan tambaya za mu tsaya a wannan wata. Wani zai ce ƙaramar magana ce. Amma mun ga yarinyar da ta ci bashin da ya fi albashinta na wata saboda yini ɗaya. Mun kuma ga ƙawayen da suka tashi tare tun firamare sun daina gaisawa saboda kwali guda da aka buɗe a gaban mutane. Abin da ke raba zumunci kuwa ba a ce masa ƙarami.

Inda Abin Ya Fito

Ƙawaye sun daɗe da aiki a aurenmu. Su ne masu zama da amarya a lalle, su ne ake fansar ta daga hannunsu ranar kamu, su ne masu raka ta ɗakinta. A ekklesiyoyi da yawa kuma akwai taron sallama, wanda ake kira sendof, inda iyaye da zumuntar mata da 'yan kwaya sukan yi mata gargaɗi su ba ta kyautai.

Amma taron da 'yan mata ke shiryawa su kaɗai, da kek da balan-balan da riguna iri ɗaya, baƙo ne. Daga Amurka ya fito, a can ma iri biyu ne. Na farko shi ne wanda suke kira shawa, watau a yi wa amarya ruwan kyautai. Tun wajen 1890 suke yinsa, kayan gida ne kuma akan kawo. Na biyu shi ne daren da amarya ke fita da ƙawayenta na kusa don ban kwana da zaman 'yammatanci. Wannan bai bazu sosai ba sai a shekarun 1980. A Ingila sunansa taron kaji. A irin wannan dare ƙawaye ne ke biyan kuɗin ci da sha, kyautar da ake bayarwa kuma 'yar ƙarama ce, kamar rigar barci ko wani abin ban dariya.

Da abin ya iso Jos da Kaduna da Kano da Abuja ta hanyar fina-finai da wayar hannu, sai muka haɗa biyun wuri ɗaya, muka ɗora a kan namu na gado ba tare da mun rage ko ɗaya ba. Yau amarya ɗaya takan yi lalle, ta yi shawa, ta yi sendof, sa'an nan a zo ranar aure. Ƙawa kuwa tana ganin kowane taro sai ta shiga da abu a hannu, ga kuɗin anko, ga ɗinki, ga kwalliya, ga kuɗin mota. To, mu fara da wannan: kyauta ɗaya ta isa. Wadda ta bayar ranar ƙawaye ta fita, kada ta ji kunyar zuwa sauran taron da hannu biyu.

Biki Bashi Ne

Akwai wani abu a al'adarmu wanda mutanen Amurka ba su da shi kamar yadda muke da shi. A wurinmu abin da aka kai wa mai biki ba ya ɓata. Akan tuna da shi, wani lokaci ma akan rubuta a littafi, ranar naki bikin kuma a mayar miki, sau da yawa da ƙari a kai. A ƙauyuka da yawa a dā har riɓanyawa ake yi. Wata tsohuwa, Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta nuna yadda mace kan ƙulla ƙawance da wata, su yi ta kai wa juna gudummawa a aure da suna har tsufa. Wannan hanya ce mai kyau ta taimakon juna, gama da ita matalauciya kan fita kunyar biki.

Amma ku lura da abin da ke cikinta. Duk abin da kika kai wa amarya, kin ɗora mata nauyin mayarwa. Idan ke mai albashi ce a Abuja, ita kuwa za ta auri malamin firamare a ƙauye, kika kai mata abin da ya fi ƙarfinta nesa, ranar naki auren za ta kwana ba barci. Ko ta ci bashi, ko ta ƙi zuwa don kunya. Saboda haka mai hali da ke son yin babbar kyauta, ta yi ta a ɓoye, ta kuma faɗa wa amarya a fili, “Wannan ba biki ba ne, kada ki rubuta.” Marar hali kuma kada ta ci bashi don a gan ta. Daidai ruwa, daidai tsaki. Amaryar da za ta raina ki domin kin kawo zanin gado ɗaya, da ma can ƙawancen bai yi saiwa ba.

Ku Dubi Gidan da Za Ta

Yawancin kuskuren da ake yi wajen zaɓen kyauta daga wuri ɗaya yake fitowa. Mai saye tana tunanin idon mutanen da za su taru ranar, ta manta da gidan da amarya za ta zauna bayan kowa ya watse. Shi ya sa za ka shiga ɗakin amarya ka tarar da kuloli shida, agogon bango huɗu, kofuna jeri a kan jeri, amma ba ta da bokitin ajiye ruwa mai murfi. Iyayenmu ma sun yi nasu a zamanin kwanon samira da fanteka, an jera su har rufi, ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba. Sai dai su suna da hujja, gama kwano dukiya ne a lokacin, in wahala ta zo mace takan ɗauki ɗaya ta sayar. Kular roba kuwa in ta yi shekara uku a kan kabad, ba mai sayenta da rabin kuɗinta.

Kafin ki je kasuwa, ki sami amsar waɗannan tambayoyi.

Na ɗaya, a ina za ta zauna? Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, ko gida ne mai falo da kicin? Ko kuwa gidan surukai za a kai ta? Mai ɗaki ɗaya ba ta da wurin ajiye babban kaya. Matar soja ko ɗan sanda ko fasto, wadda za a yi ta canja musu wurin aiki, kayan da ba ya fashewa a mota ya fi mata amfani.

Na biyu, akwai wutar lantarki, awa nawa kuma take zuwa? Bilenda da tukunyar lantarki abin sha'awa ne, amma a unguwar da wuta ke zuwa da tsakar dare kawai, ado ne. Inda wutar ke zama kuma kuɗinta ya hau, gama a watan Afrilu na 2024 aka ƙara wa masu samun wuta mai yawa kuɗi har ya kai naira 225 a kan kowane yunit. Duk abin da ke dafawa ko ɗumama ruwa da lantarki yana cin wuta ƙwarai. A kula kuma da kayan da dangi ke aikowa daga Amurka. Wutarsu mai ƙarfin 120 ce, tamu 230, in an jona ba tare da na'urar rage ƙarfi ba, nan take abin zai ƙone.

Na uku, da me za ta yi girki? Itace ne, ko gawayi, ko gas? Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin sau biyu ko uku kowace rana za ta tsaya a gaban wutar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020, mata da yara kuma su ne suka fi shaƙarsa. Tukunyar gas mai kilo 6 da kanta, ko murhun gawayi na zamani mai rage hayaƙi, kyauta ce da za ta yi wa ƙirjinta da idonta amfani shekaru.

Na huɗu, me iyayenta suka riga suka saya? Uwar amarya ta yi shekaru tana tara kayan ɗaki. Tambaya ɗaya a wurinta ko wurin yayar amarya za ta hana ki sayen abin da yake akwai.

Na biyar, mece ce sana'arta, ko me take so ta koya? A kan wannan za mu ƙara magana a ƙasa.

Wata za ta ce, “Ai in na tambaya, ba zai zama abin mamaki ba.” Mamaki na minti biyar ne. A nan ma akwai abin koyo daga mutanen da muka aro taron a wurinsu. Tun 1924 wani babban kanti a birnin Shikago mai suna Marshall Field's ya fito da tsarin da amarya za ta rubuta abin da take bukata, duk wanda ya sayi ɗaya sai a soke shi daga jerin, don kada a maimaita. A wurinmu amarya za ta ji nauyin rubuta irin wannan da hannunta, kada a ce tana roƙo. Amma babbar ƙawa tana iya zama da ita a ɗaki, ta ji bukatunta, ta rubuta, ta raba wa sauran. Matambayi ba ya ɓata.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A ce ƙawaye 10 ne, kowace tana iya fitar da naira 10,000. In kowace ta tafi kasuwa ita kaɗai, ƙananan abubuwa goma za a tara, rabinsu iri ɗaya. In suka haɗa, naira 100,000 ke nan a hannu ɗaya, ana iya sayen abu guda mai nauyi, ko a biya babban rabo na kuɗinsa. Keken ɗinki ga wadda ta koyi ɗinki. Injin taliya, ko kayan yin kek da cincin, ga mai son sana'ar abinci. Fitilar sola mai cajin waya ga wadda za a kai ƙauye. Tankin ruwa ga wadda za ta zauna inda famfo ba ya kawowa. Macen da ke da abin samun na cefane a hannunta, gardamar kuɗin gishiri da magi takan ragu a gidanta, ranar da albashin maigida ya makara kuma ba a kwana da yunwa.

Haɗin kuɗi yana da nasa ƙa'ida, in ba haka ba shi ma yakan kawo faɗa. Kada a yanka wa kowa adadi ɗaya tilas, gama ɗaliba da ma'aikaciyar banki ba aljihunsu ɗaya ba. Kowace ta ba da abin da take iyawa a hannun mutum biyu amintattu. A saya, a nuna rasit. A katin kuma a rubuta sunan kowa ba tare da adadin da ta bayar ba. Sa'an nan a auna kuɗin taron kansa. Mun ga inda kuɗin hayar wuri da ado da mai hoto ya ninka kuɗin kyautar sau uku. In an yi taron a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, da zoɓo da kunun aya da waina, abin da ya ragu sai ya shiga cikin kyautar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu araha waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Gidan sauro mai magani yana cikinsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, mace mai cikin fari kuma tana cikin waɗanda ciwon ya fi yi wa lahani. Gidan sauro ɗaya yakan yi wajen shekara 3 yana aiki. Haka nan wuƙa mai kyau, da turmi da taɓarya, da bargo ga mai zuwa Jos ko Mambila, da littafin da kuka rubuta mata girke-girken iyayenku da hannunku.

Abin da Bai Kamata a Kai Ba

Man bilicin yana kan gaba. Ya zama al'ada a ce za a gyara amarya ta yi haske kafin ranar, ƙawaye kuma su ne masu kawo haɗin. Da yawa cikin irin man nan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ko magunguna masu sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin larurar gaggawa a ƙasa. Mutumin da ya gan ta da launinta ya ce yana so, ba ya bukatar a canja masa ita.

Na biyu, haɗe-haɗen da ake kira kayan mata, waɗanda ake sayarwa a kwalabe ba suna, ba lambar hukuma, ba wanda ya san abin da aka zuba. Yarinyar da ba ta yi aure ba tana ba wadda za ta yi aure maganin da ita kanta ba ta san aikinsa ba. In akwai abin da amarya ke bukatar sani game da jikinta, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai matar fasto, akwai gwaggo da inna.

Na uku, kyautar da za ta ba ta kunya. Rigar barci ba laifi ba ce, ƙawa ta kusa tana iya ba ta. Amma a ba ta a ɗaki, a naɗe. Yau kowa yana da waya a hannu. Abin da aka ɗaga sama ana shewa a cikin 'yan mata goma, kafin gari ya waye ya kai hannun uwar miji da dattawan ekklesiya, abin da ya shiga intanet kuma ba a iya kiransa ya dawo.

Na huɗu, kayan jarirai. Mun san da kyakkyawar niyya ake kawowa. Amma haihuwa ba a hannun mutum take ba. In shekara biyu ta wuce shiru, 'yar rigar nan da ke cikin akwati takan zama abin kuka. A bari sai ranar suna.

Maganar Kuɗi

Ba da kuɗi ba rashin tunani ba ne. Sau da yawa shi ne abin da sabon gida ya fi bukata, musamman a watan farko, sa'ad da biki ya cinye kome. Sai dai a san abu biyu. Kuɗin da aka ba amarya ana tsakiyar hidima yakan narke a cikin hidimar, a sayi ƙarin shinkafa ko a biya mai kiɗa. Ya fi kyau a sa mata a asusunta bayan mako biyu, ko a faɗa mata abin da aka nufa da shi. Kuma kada ta ajiye shi ya daɗe. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, watau abin da naira 100,000 ta saya a ƙarshen 2023, sai da wajen naira 135,000 a ƙarshen 2024.

Game da liƙi kuma, mu tuna akwai doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa takardun naira ko taka su a wurin biki. Hukuncinsa ɗaurin wata 6 ne aƙalla, ko tarar naira 50,000 aƙalla, ko duka biyu. A 2024 an ɗaure wani sananne a Legas a kan wannan. A sa kuɗin a ambulan, ko a faifai.

Ranar Taron

Shawararmu ita ce kada a buɗe kaya ana kiran suna. Wannan ɗabi'a ita ce ke sa marar hali ta zauna a gida. A karɓi kaya a ajiye, babbar ƙawa ta rubuta, amarya ta buɗe daga baya. Ke kuma amarya, yaba kyauta tukwici. Ki kira kowace da kanki ki yi mata godiya, mai tsintsiya da mai firji da murya ɗaya. Saƙo guda da aka tura wa mutum hamsin ba godiya ba ne.

Ku iyaye mata, ku ma kuna da aiki. Ku tambayi 'yarku nawa bikin ƙawarta zai ci mata, daga ina kuma za ta samo. Yarinyar da ba ta da aiki amma ta fito da kuɗin anko uku da babbar kyauta, ya kamata uwa ta san hanyar da kuɗin ya biyo.

A cikin Farawa sura 24, sa'ad da aka sallami Rifkatu zuwa ƙasa mai nisa, danginta sun haɗa ta da matar da ta rene ta da kuma 'yan matanta, domin kada ta sauka cikin baƙi ita kaɗai. Amarya tana da mutane da yawa a makon biki. A wata na uku ne gida ke yin shiru, ta fara koyon halin miji da na danginsa, kewar gida ta kama ta. Ƙawaye su raba watannin shekarar farko a tsakaninsu, kowace ta ɗauki nata, ta je ta yini, ko ta kira in wurin da nisa. In kin je, ki taya ta tsinke zogale, ki ji abin da za ta faɗa, abin da kika ji kuma ki bar shi a nan. Zumunta a ƙafa take.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dubi abokan ango da irin nasu nauyi.